Zanen da ke Ƙarƙashin Nikabi

Layin mata ya miƙe a bakin kasuwa, kowace ana ɗaga mata hijabi ana lalube. Shafa'atu na tsakiya, riƙe da hannun 'yarta Zulfa.

Tun da aka yi ta yaɗa cewa 'yan bindiga na shigowa sanye da kayan mata, Ƙanƙara ta rabu biyu. Wasu malamai suka ce a hana nikabi, wasu suka ce wannan cin mutuncin addini ne. Aka yi ta musu a majalisu, kuma duk masu musun maza ne. Babu wanda ya tambayi Shafa'atu dalilinta.

Ita ba ilimin addini ne ya sa ta rufe fuska ba. Bafulatana ce daga wani ƙauyen Sabuwa, matar Bahaushe manomi. 'Yan bindiga suka kashe mijin, suka kore musu shanu, ta gudo gari. A gefen bakinta akwai shuɗin zanen Fulani da uwarta ta yi mata tana yarinya. A garin nan kuwa, wannan zanen kaɗai ya isa a kira mutum mai kai wa 'yan daji rahoto. Ta ga yadda aka yi da wata mai tallar nono, shi ya sa tsoro ya hana ta sakat.

"Ke, mi kike ɓoyewa?" in ji wani ɗan sintiri, yana gyara bindigarsa.

Tsohuwar da aka sa binciken mata, Goggo Hussaina, ta ja ta gefe ta ɗaga nikabin. Ta daɗe tana kallo.

Tsohuwar ta saki ƙyallen, ta ce wa ɗan sintirin ba komai. Sannan ta rage murya: "Ɗiyata, gobe ba ni ce a nan ba."

Shafa'atu ba ta shiga kasuwar ba. Ta koma kangon da suke fakewa, ta ɗauko dutsen goge kaushi, ta jiƙa, ta shiga dirzar gefen bakinta. Fatar ta saɓule, jini ya biyo haɓa. Zulfa ta tsuguna tana kallo.

"Inna, ya fita?" Ta leƙa da kyau, ta girgiza kai. "Yana nan."

Shafa'atu ta sake jiƙa dutsen.