Kilomita Ɗari Huɗu a Takarda

Likitan zuciyar yara sau ɗaya yake zuwa asibitin a wata, kuma ƙarfe sha ɗaya aka ba Gimbiya, 'yata mai wata bakwai. Idan muka makara, sai wani watan.

Maigida ya nuna min takardar sabuwar motarmu mai amfani da lantarki. "Kilomita ɗari huɗu take yi da caji ɗaya. Asibitin ɗari biyu da arba'in ne. Ki kwantar da hankalinki."

Da na tayar da ita, allon ya rubuta ɗari uku da talatin. Ina saba'in suka tafi, alhali ko ƙofar gida ba mu fita ba? Yayata ta rungumi Gimbiya a kujerar baya, na kunna AC, muka kama hanya.

Bayan kilomita ɗari, allon ya ce saura ɗari da saba'in. Na lissafa sau uku, bai fita ba. Na tsaya na kira maigida.

"Ai takarda ta ce..."

"Takardar ce za ta tura mu?" in ji Yaya daga baya.

Ya kira dillalin motar, ya sake kirana. Wai a ɗakin gwaji ake auna ta, a hankali, babu tudu, babu AC.

"To su waye ke tafiya a haka?" na tambaya.

Saura kilomita sittin, allon ya ce hamsin da takwas, kuma babu wurin caji a gaba. Na kashe AC, ya koma sittin da shida. Na kunna, ya sauko. Gimbiya ta fara gumi. Likita ya ce kada zafi ya dame ta, shi ne kuma ya ce kada mu makara.

"Yaya, jiƙa tawul ki shafa mata. Sauke gilashi kaɗan."

Na bi bayan wata babbar mota a gudun saba'in, ido ɗaya a allo, ɗaya a madubi.

"Ƙanwata, keke ya kusa wuce mu."

"Ya wuce mana."

Sha ɗaya da kwata muka shiga, allon na nuna huɗu. Nas ta dubi agogo, ta dubi jiƙaƙƙen kan Gimbiya, ta karɓi katin.

"Ku zauna nan. Ku ne na ƙarshe."