Jifa Goma Sha Ɗaya a Bayan Kwali

Auta ya ci bashina, jifa goma sha ɗaya. Ba kuɗi ba, jifa, irin na ɗan lido. Ya sani, matarsa ta sani, jikata ma da nake kira Ƙawata ta sani, don da bakinta a ciki.

Autan nawa ba yaro ba ne, furfura ta fara cin gemunsa, kemis gare shi. Shi ya kawo wani wasan labari gidana bayan rasuwar babansu, wai kada Asabar ta riƙa yi min tsawo. A teburin cin abinci muke yi, da rana. Shi ke ba da labari: ga gari, ga gada, ga masu gadi da mashi. Mu ukun kowacce da wadda take zama a cikin labarin, an rubuta mata ita a takarda. Surukata ta ɗauki mai takobi. Ƙawata ta ɗauki ɓarauniya, dama ta yi kama. Ni da aka karanto min jerin, na ce a ba ni mai rufa-ido.

"Inna, wannan ba ta duka fa," in ji Auta. "Abin da babu kawai take nuna wa mutane."

"Shekara arba'in ina sayar da yadi," na ce. "Ba ni ita."

Dokar ba wuya. In na nuna wa abokin gaba wani abu, Auta zai jefa masa ɗan lido mai fuska ashirin a bayan wani kwali da yake kafawa gabansa. In ya faɗi sha huɗu ko sama, mutumin ya gane ƙarya ce, sai mu nemi hanyar gudu. In ƙasa ne, ya haɗiye. Ban san baƙaƙe ba, amma lamba na san ta tun daga tef ɗin awo.

Sana'ar da kanta ni na koya musu. Yara in sun samu rufa-ido, dodo suke yi mai kai bakwai. Wa zai yarda? Mai gadi ba ya tsoron dodo, maigidansa yake tsoro. Sai ka nuna masa maigidan yana tahowa, fuska a ɗaure, hularsa ta ɗan karkace. Kada ka bari a taɓa, kada ka daɗe. Kuma ka bar ɗan aibi a jiki, don abin da ya cika kyau shi ake juyawa a duba bayansa.

Duk da haka a uku ɗaya yakan fashe min. Sai mu yi ta musu da Auta, ni ina buga tebur, shi yana nuna min littafin doka kamar na iya karantawa, Ƙawata tana cewa, "Tsohuwa, kin sa za a kashe mu!" Ni kuma in ce, "Ke da kika saci agogon mai gari?" Ranar da muka fi yin musu nakan fi cin abinci.

Sai ranar nan da aka tsinci butar shayina a cikin firij. Abu ɗaya, sau ɗaya. Auta ya kai ni asibiti, likita ya sa na zana agogo don gwada ƙwaƙwalwata, sannan ya ja shi baranda suka yi ƙus-ƙus. Da ya dawo ya riƙe min jaka. Bai taɓa riƙe min jaka ba.

Daga wannan Asabar rufa-idona bai ƙara fashewa ba. Na farko na ji daɗi, na biyu ma. A na huɗu na fara lissafi. A na shida na yi gwaji: na yi dodon nan mai kai bakwai a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, har da ƙararrawa a wuya. Auta ya jefa a bayan kwalinsa, ya ce, "Kai, Inna, duk sun watse!" Surukata ta tafa. Ƙawata ba ta ce min tsohuwa ba. Ta ce, "Sannu, Kaka."

Akwai kabad ɗin tangaran mai gilashi a bayan kujerar Auta. Asabar ta gaba na ce fanka tana damuna, na koma ɗaya gefen. Daga nan ana ganin bayan kwalin tas a cikin gilashin. Sha tara na gani, ya ce uku. Sha shida, ya ce biyar. Akwai wanda ko kallonsa bai yi ba. Ni da na koya masa a bar aibi, ga shi ya yi min ƙarya mai santsi kamar sabon faranti. Na bari suka kai sha ɗaya, don ba na tuhumar mutum da abin da ban ƙirga ba.

Ranar muna kan gada, shugaban masu gadi ya tare mu. Na ce na nuna masa keken doki ya kife a bayansa, buhuna sun zube. Auta ya ɗauki ɗan lidon. Na miƙa hannu na kwantar da kwalin.

"A nan za ka jefa. Tsakiya."

"Inna, doka ta ce..."

"Dokar ce ta ce sha tara uku ne?"

Surukata ta sunkuyar da kai tana gyara takardarta.

"Don ki ji daɗi ne," ya ce. "Likita ya ce kada a ɓata miki rai."

"Ni na haife ka, na san yadda kunnenka yake yi in kana ƙarya. Sha ɗaya nake bin ka. Fara biya."

Ya jefa. Ɗan lidon ya gangara ya daki kofina ya tsaya. Sha bakwai.

"To, amma iska ta taso, ƙura ta shiga idonsa..."

"Auta."

Ya janye maganar ƙurar. Ya ce mutumin ya kai ƙafa ya shuri buhu, ƙafar ta wuce ta cikinsa. Ya juyo, ya ga wadda hannunta ke sama. Aka jefa ɗan lido don mashinsa, shi ma a fili, kuma ya same ta. Mai rufa-idona ta faɗa ruwa.

"Tsohuwa, kin kashe kanki!" Ƙawata ta yi ihu, kafin ta tuna ta toshe baki. Wallahi rabon da in ji daɗin magana irin wannan tun kafin butar shayi. Na yi dariya har hawaye suka zubo. Su kuwa hawayen kawai suka gani.

Asabar ta gaba sun zo ba kwali, ba littafi. Lemo suka kawo da ayaba. Suka kunna min talabijin, suka zauna suna min magana a hankali kamar mai jinya. Na ce a yi min sabuwar takarda, wata mai rufa-idon, ƙanwar waccan. Auta ya ce sai na ƙara hutawa. Asabar biyar ke nan ina hutawa.

Ɗan lidon yana wurina, a gwangwanin magungunana, shi bai ma san ya manta shi ba. Sunan da na sa wa mai rufa-idon ya ɓace min tun Laraba, na nema na rasa, kuma ba zan tambaye su ba. Amma lissafin yana nan. Ya biya ɗaya, saura goma.