Sunan Tayyiba a Gefen Layi

Kwana arba'in da ɗaya da rasuwar matata Tayyiba, Hajaratu ta kira ni daga Gagarawa. Ita ce mai kula da firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibitin can.

"Malam Ɗalha, ya haƙuri? Ka yafe ni, amma jiya firjin nan ya ɗauke, ko saƙo ɗaya bai shigo ba. Allah ne ya sa na leƙa. Ga shi ranar Alhamis za a kawo sababbin allurai."

Na ce to. Tun ranar jana'iza, "to" ɗin nan kaɗai ta rage min a baki.

Ni da Tayyiba muka rubuta manhajar kwamfuta da ke lura da firjin. Aikinta ɗaya ne, in firji ya fara ɗumi ta tura saƙo a waya. Sai dai kwamfutocin asibitocin da ke amfani da ita duk na kyauta ne, ta Gumel da tsarinta, ta Maigatari da nata, ta Sule Tankarkar da nata. Manhaja za ta nemi kwamfuta ta buɗe fayil ko ta faɗi lokaci, amma kowane tsari da sunan da yake amsawa. Abu ɗaya, suna uku. Kai, waɗanda suka ƙera abubuwan nan ko zama ɗaya ba su taɓa yi ba! Yanzu an kai wa Gagarawa sabuwar kwamfuta mai tsari na huɗu, manhajarmu tana ta kira da sunayen da ba ta sani ba.

Maganin na san shi. Tayyiba ta sha faɗa: mu ba kowace buƙata suna ɗaya namu, mu ajiye jadawali guda da zai nemo wa kowane tsari nasa. Ni ne sarkin "sai bayan damina".

Na buɗe kwamfuta bayan karin kumallo. Ma'ajiyar aikinmu tana nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Tayyiba, Tayyiba, Tayyiba, har ƙasa. Layi ɗari uku da sha biyu. Duk wanda na gyara, sunanta zai sauka nawa ya hau.

Na daɗe ina kallo. Wallahi ban ji komai ba, shi ne ma abin da ya ba ni tsoro. Na tashi na sha ruwa, na dawo. Na tuna Alhamis, da matan da za su yi layi da goyo.

Na fara. Layi bayan layi, kamar tsintar shinkafa. Kafin azahar na gama, na tura wa asibitocin huɗu.

Da la'asar Hajaratu ta sake kira. "Na zare wayar wutar firjin na gwada, saƙo ya shigo nan take! Allah ya jiƙan Tayyiba."

Na ce amin. Na koma na duba gefen layukan. Ɗalha, Ɗalha, Ɗalha.

Layi ɗaya ne ya tsira, don ba umarni ba ne, ɗan bayani ne ta bar min a saman fayil ranar da za a kwantar da ita a asibiti. Shekara tara muna tare ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a rubuce.

"Baban Rahama, kar ka taɓa nan sai na dawo."