Kafin Kuɗin Su Faɗo

A Duza, in kana son wayarka ta yi magana sai ka hau tudu. Can bayan gari, gindin wata tsohuwar kanya, nan sabis yake zuwa ya huta in ya ga dama. Habsu ta hau da hantsi, jaririyarta Fiddausi na goye a baya, ba don komai ba sai ta gaida Innarta da ke Gummi. Ko lambar ba ta kai ga dannawa ba wayar ta yi ƙara a hannunta. Alat ne daga banki.

Habsu ba ta jin Turanci, amma ta san kamannin alat ɗin shiga da na fita. Wannan na fita ne, kuma mai nauyi.

Katin ai sunanta ne a jiki. Lokacin da masu buɗe asusu suka zo gari, mijinta Barau yana can cikin ramin zinari, ita ce mai katin ɗan ƙasa a hannu, sai aka buɗe da sunanta. Tun daga nan kuɗin gero, kuɗin awaki, duk abin da gidan ya mallaka can yake kwana. Lambar sirri kuwa, wane sirri! Ita ta sani, Barau ya sani, har mai POS na bakin kasuwa ya haddace ta, in sun manta shi ke tuna musu. Yau da sassafe Barau ya ɗauki katin ya ce za shi Anka. Bai ce don me ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta kira lambar bankin da mai POS ya ajiye mata a waya. Aka ce ta jira, aka sa mata wani kiɗa mai sanyi, mara ganga, irin wanda ba a san inda ya dosa ba. Ta jingina kafaɗa da kanyar. Garin yana can ƙasa yana rawa cikin zafin rana, rumbuna da rufin kwano duk sun yi kamar suna iyo. Har idonta ya fara lumshewa, sai muryar wata mace ta shigo, da Hausar Kano mai laushi. Ta tambayi suna, ta tambayi wasu lambobi, sannan ta ce:

“Hajiya, an goga katinki yau a wani shagon injina a Anka. Kuɗin sun fita daga wajenki, amma ba su isa wajen mai shagon ba tukuna. Suna rataye.”

Injina. Shi ke nan, ta gane. Tun faɗuwar damina Barau ke zancen injin niƙan dutse. Baƙin da ke haƙar zinari suna biyan niƙa, daji kuma ba ya zaunuwa yanzu saboda 'yan bindiga, don haka ya ce a bayan ɗaki zai kafa shi, ya kewaye da kwano. Duk sanda ya ɗauko zancen sai ta yi shiru, shi kuwa bawan Allah ya ɗauki shirun nan a kan yarda.

Ita kuwa ta san ƙurar nan. Tana amarya mata suke daka dutsen zinari a tsakar gida, a turmin da suke surfe. Ƙura mai laushi kamar garin tuwo, in rana ta haska ta har ƙyalli take yi. Yara suna birgima a ciki suna dariya, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Sai yara suka fara sanƙarewa a hannun iyayensu, gida bayan gida. Ɗiyarta ta fari tana cikin waɗanda suka rasu. Daga baya wasu mutane masu rufe hanci suka zo suka kankare ƙasar kowane gida, aka kawo sabuwa a mota aka zuba. A kan wannan baƙuwar ƙasa Fiddausi ta fara rarrafe kwanan nan, kuma duk abin da hannunta ya taɓa baki yake nufa.

“Ku tsaida su,” in ji Habsu. “Ba ni so su isa.”

“Ke kika goga katin?”

“A'a. Maigida ne.”

“Da saninki?”

Kafin Habsu ta buɗe baki, matar ta ci gaba.

“Hajiya, ki ji da kyau. In kika ce ba da saninki ba ne, za mu rufe katin yanzu, mu ɗauka sata aka yi miki, a bi wanda ya goga.”

Sata! Barau? Mutumin da in ya sayo tsire yake ɓoye shi cikin aljihu har sai ya zo gabanta? Wallahi ba za ta iya ba. Haushi ya kama ta, haushinsa da haushin kanta, har ta ji hawaye na neman zubowa.

“Ba ɓarawo ba ne,” ta ce. “Babu wata hanya?”

“Akwai. Mai shagon zai iya sokewa daga na'urarsa, in ya yarda. Amma sai kafin kuɗin su faɗo.”

“Yaushe za su faɗo?”

“Allah ne ya sani, Hajiya. Ko yanzu, ko gobe.”

Ko gida ba ta koma ba. Da zanen da ke jikinta ta tari mai babur a gindin tudu. Hanyar Anka ba ta da kirki, rami nan rami can, amma Habsu ba ta ji ko ɗaya ba. Sama take kallo. A ranta kuɗin nan suna can bisa, farare, suna tafe kamar balbelu, sun nufi inda ta nufa, sai dai su ba ruwansu da rami. In gajimare ya tsaya sai ta ji sanyi, in ya motsa sai ta matse kafaɗar mai babur. Ku yi mata dariya in kun ga dama, amma har magana ta yi musu a hankali: ku dakata, don Allah ku dakata. Dawa ta yi kai gefe da gefe, koriya shar, tana wucewa kamar ruwa. Can ta ji nauyin goyon ya canja, kamar ba Fiddausi ce a bayanta ba, waccan ta farin ce, da ɗuminta da ƙamshin man gyaɗa a kanta. Ba ta waiga ba, don kada ta tabbatar.

A Anka ba ta sha wahalar nema ba. Layin masu injina, shagon Alhaji Mas'ud. Ga injin nan a bakin ƙofa, sabo fil, an riga an ɗaure shi da igiya. Ga Barau a kan benci yana kaɗa ƙafa. Tun safe yake zaune, don Alhaji ya ce ko ƙusa ba ta barin shagonsa sai ya ga alat da idonsa.

Barau ya miƙe zumbur. “Habsu? Lafiya? Mi yak kawo ki?”

Ba ta dube shi ba. Ta durƙusa ta gaida mai shago. “Alhaji, katin da anka goga nawa ne. Don Allah ka soke cinikin ga.”

Alhaji Mas'ud ya dubi maƙwabtansa da suka fara leƙowa, ya yi murmushi. “Baiwar Allah, ciniki ya faɗa, mun sallama. Da maigidanki ni yi, ba da ke ba.”

Kunya ta rufe Barau har wuya. Matarsa, a tsakiyar kasuwa, cikin maza, tana warware masa ciniki! Ya rage murya. “Tashi ki koma gida. Gonar ƙetare ba ta zuwuwa, rumbu ya yi ƙasa. Mi kike so mu ci? Na ce miki da kwano zan kewaye shi.”

Habsu ta kwance goyo, ta zaunar da Fiddausi a ƙasa tsakaninsu. Sannan ta ɗago ta dube shi.

“Muhsina,” ta ce.

A garinsu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Habsu ba ta taɓa kiran sunan nan ba. Ba ta kira shi ranar suna ba, ba ta kira shi sanda yarinyar ke sanƙarewa a cinyarta ba, ba ta kira shi da aka fita da ita cikin ɗan farin ƙyalle ba. Barau bai taɓa jin yadda yake fita daga bakinta ba sai yau.

“Muhsina,” ta sake cewa. “Ba ni iya ba da wata.”

Barau ya koma kan bencin ya zauna. Masu leƙe suka janye kai ɗaya bayan ɗaya. Barau ya juya wajen mai shago.

“Alhaji,” ya ce, “sun faɗo?”

Alhaji Mas'ud ya duba wayarsa. “Ba su faɗo ba.”

“Soke shi.”

Alhaji bai ja ba. Ya ɗauko na'urar ya daddanna, ta yi shiru tana neman sabis, sannan ta yi ƙara.

Fiddausi ta riga ta rarrafa ta kusa injin. Barau ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ɗora a cinya, ya buɗe ɗan tafinta. Da gefen rigarsa ya shiga goge mata yatsu, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan hannun, bai daina gogewa ba.