Tsoho Mai Canza Hula

Auta ta sha wuya kafin ta samu gurbin sanin makamar aiki a cibiyar binciken halayyar ɗan Adam. Ɗaliba ce 'yar aji uku, kuma Dokta, shugabar binciken, ta faɗa mata tun ranar farko: in ta yi abin kirki za a riƙe ta har ta gama digiri, in ba haka ba ga hanya nan.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Teburi aka ba ta a bakin wani ɗaki. Ɗalibai da mutanen gari su zo, ta shigar da su biyu-biyu, in sun fito ta yi musu tambayoyi kan yadda suke ji a ransu. Abin da ake yi a ciki kuwa, an ce ba ruwanta. Doka ɗaya Dokta ta ja mata kunne a kai: kada mutum ya shiga sau biyu.

To, Auta akwai ido. Wani tsoho ya shiga da farar hula, bayan kwana biyu sai ga shi da baƙa, har da tabarau. Rannan kuma ya zo kai ba hula, yana ɗingishi. Amma takalmin nan na roba mai ɗinkin waya a dunduniya, shi ne dai.

Ta samu Dogo, babban ɗalibin da ke kula da cikin ɗakin.

"Yaya Dogo, tsohon nan fa ya taɓa zuwa."

"Wane tsoho? Ke dai yi aikinki, ƙanwata."

Ya faɗa yana kawar da kai. Nan fa zuciyarta ta ɗarsu. Da yamma kuma ta hango su a bayan matakala, Dogo na miƙa wa tsohon wata hula a leda, suna ƙus-ƙus. Kai, lallai ma! Wato kawunsa yake kawowa ya cike adadi, in asiri ya tonu a ce mai tsaron ƙofa ce ta yi sakaci. Ta so ta kai ƙara, sai ta tuna ta ga Dokta ma tana gaisawa da tsohon har da dariya. Wa ya sani ko bakinsu ɗaya? Tsoro ya kama ta, haushi ya fi tsoron yawa.

Washegari baranda ta cika maƙil da ɗalibai masu jiran layi. Sai ga gogan naka da jar hula, ya sa kai zai wuce. Auta ta miƙe ta tare ƙofa.

"Baba, ka ji tsoron Allah! Kullum kana nan, hula kawai kake canzawa. Ku gan shi da kyau, jama'a, shi da Dogo ne suke haɗa baki!"

Kowa ya juyo yana kallon tsohon. Wata yarinya ta ce, "Lah, shi ne wanda jakarsa ta zube a gaban ƙawata jiya!"

Dokta ta fito daga ofis, ta ja Auta gefe, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ma'aikacinmu ne. Aikinsa ya shiga kamar kowa, ya zubar da kayansa, mu ga wa zai taimaka masa. Mun ɓoye miki ne don kada fuskarki ta nuna wa mutane. Me ya hana ki tambaye ni?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka har da ke."

Dokta ta waiga. A bayansu ɗalibai sun duƙufa kan wayoyinsu, labari ya riga ya kama hanya. Wa zai sake shiga ɗakin nan bai san dawar garin ba? Aikin wata da watanni ya tafi a banza.

"Hajiya, gobe in zo?" in ji tsohon.

"A'a Baba, an gama." Dokta ta juyo ga Auta. "Ke ma ajiye katin shiga a kan teburi."

Kunya ta rufe Auta, ta rasa inda za ta sa kanta. Tsohon ya cire jar hular, ya ninke ta a hankali ya miƙa wa Dogo. Ba faɗa, ba harara.

"'Yata, me ya tona ni?"

"Takalminka, Baba."

Ya duba ƙafarsa. "Ai kuwa. Da ma na ce in aikin ya ɗore zan sayi sabo."