Gwangwanin Totuwar Rahmatu

Shekara talatin da takwas muna tare da Rahmatu, kuma wallahi ban taɓa ƙyasta ashana a bakin murhunta ba. Ni Alhassan kafinta ne, rumfata tana bakin hanya a Iku. Katako na san shi kamar yunwar cikina, amma yadda ake sa itace ya kama wuta, wannan ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba. In na dawo masallaci da asuba na tarar da ruwan zafi da kunu, shi ke nan abin da na sani.

Bana, ana tsakiyar damina, aka yi mata aikin yanar ido. Na hagu ya daɗe da tafiya, na daman nan shi kaɗai ya rage mana. Likitan ya bar ta ya dube ni, ya ce kada hayaƙi ya kusance ta sai ya ba da izini, in ba haka ba idon na iya rurewa a rasa shi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai hura wuta ba aiki ba ne.

'Yarmu Fauziyya, wadda ke aiki a Abuja, ta so ta kawo tukunyar gas. Rahmatu ta ce ko a ƙofar gida ba ta yarda a ajiye mata wannan abin ba, tsoronsa take ji. Don haka Fauziyya ta ɗauki hutun kwana uku tana kawo abinci daga gidanta, daga nan kuma sai ni.

Ana gobe aiki zai dawo hannuna na ce bari in burge matata. Na shiga madafi da tsintsiya, na share lungu-lungu. A bayan murhu na ci karo da wani tsohon gwangwani cike da totuwar masara, baƙa ƙirin, duk maiƙo, ga dusar katako ta manne a jiki. Na ce a raina ashe haka ciwon ido ke sa mace mai tsabta ta tara shara ba ta sani ba. Har tausayinta ya kama ni. Na kinkimi gwangwanin na juye a bola, na wanke shi tas, na kife.

Washegari aka kwana ana ruwa. Itace ya sha sanyi. Na jera manya-manyan guda huɗu a murhu, na ƙyasta ashana, ta mutu. Na ƙyasta wata. Sai da na ƙarar da rabin kwali. Na kawo takarda, ta ci ta cinye ta bar ni da toka. Can na tuna yadda nake ganin masu shayi suna yi, na tattaro leda na cusa. Kai, wannan kam ta kama, amma da wani baƙin hayaƙi mai wari da ya turnuƙe tsakar gida. Na durƙusa ina hurawa da baki, wuta ta yi tsalle ta lashe mini gefen gemu.

Ina cikin tari na ji motsin labule. Na waiga, ga Rahmatu tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a bango, tana laluben takalmi da ƙafa, hayaƙin kuma yana tafiya kanta kai tsaye. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, abin da ban yi ba tun muna matasa. Na mayar da ita ɗaki, na rufe taga, na watsa wa murhun ruwa.

Daga ciki ta ce, a hankali, “Malam, me ya kai ka leda? Ka duba bayan murhu, akwai gwangwani. Guda ɗaya za ka ɗauka.”

Sai da ta sake kira sannan na faɗa mata gaskiya. Na zaci za ta yi faɗa, sai na ji tana dariya tana riƙe kai, wai kada in sa ta motsa idon. Ta ce tanadin damina guda na kai bola.

Da yamma idon ya yi ja yana ruwa, ta ce dishi-dishi take gani. Muka koma asibiti. Likita ya ƙara magani, ya yi mini kallon da na fi so a ce mari ne, ya ce mu dawo bayan kwana goma. Tsoro na ji, tsoro sosai. In idon nan ya tafi, ni na tafi da shi.

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na ɗauko kujera na zauna a bakin tagarta, tana faɗa ina yi. Totuwa busasshiya, a tsaga ta biyu. Ragowar man da aka yi suya da shi har ya yi baƙi, wanda take tarawa a kwalba, a ɗumama shi da guntayen kyandir har su narke. A tsoma totuwar ta sha, a birgima ta cikin dusar katako, a jera a gefen murhu ta bushe. Da na tambayi inda take samun dusar, sai ta ce in tuna mana. Ashe dusar rumfata ce, wadda take sa ni in ɗebo mata a leda duk Juma'a, ni kuwa shekara da shekaru ina zaton kaji ake shimfiɗa wa.

Ta ce farkon aurenmu, kowace damina sai ta yi ta hura jiƙaƙƙen itace tana hawaye, tana gudun kada in dawo masallaci in tarar babu ruwan zafi. Da haka ta yi ta gwaje-gwaje har ta dace da wannan. Ni ban taɓa ganin hawayen ba, don kullum ina shigowa an gama.

Jerin itacen ma sai da ta gyara mini ba ta gani. Wai daga ƙarar da nake yi ta san na danne wutar da manya. Totuwa ɗaya a tsakiya, ƙirare a kanta kamar rumfa, a bar wa iska hanya, manyan kuma a jingine su gefe su sha zafi tukuna. Ashana ɗaya na ƙyasta. Totuwar ta kama, tana ci a natse, babu hayaƙin kirki, har ƙiraren suka karɓa. Ni da furfurata na tsaya ina washe baki a gaban murhu.

Kunun farko ya yi gudaji, ta sha ta ce ba laifi. Kowace safiya in na kai mata sai in tambayi idon, ta ce da sauƙi, amma ina lura har yanzu laluben kofin take yi. Na cika gwangwanin, na nemo na biyu na cika, don hannuna ya samu abin yi.

Ran kwana na tara, ana gobe za mu koma asibiti, na dawo masallaci na kunna wuta na ɗora tukunya. Gari ya soma haske. Sai ga ta ta ɗaga labule ta tsaya daga can bakin ƙofarta, tsakar gida guda tsakaninmu. Na buɗe baki zan ce ta koma, ta ɗaga mini hannu. Ta daɗe tana kallona.

“Malam, wa ya yi maka wannan aski? Gemunka na hagu ya fi na dama gajarta.”

Na ce wuta ce, tun ranar leda.

“Oho,” ta ce. “Sai yau na gani.”

Na juya ga murhu ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Idona ya cika da ruwa, kuma babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.