Shaidar Inna Atika

Takarda ɗaya tak ta hana Haliru zuwa fadama mako biyu, albasa tana can tana bushewa. 'Yarsa Fiddausi ta samu gurbi a makarantar ungozoma, an ce ta kawo shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin Alhamis, in ba haka ba a ba wata.

A ƙaramar hukumarsu ta Bodinga aka ce ai ubansa mutumin Lambara ne, ya tafi Shagari. A Shagari wani malamin ofis, Kamilu, ya tambaye shi inda aka haife shi. Haliru, da gaskiyarsa mai ban haushi, ya ce Ƙonni. Shi ke nan, Kamilu ya ajiye biro.

"Mutanen Nijar sun cika muna asibiti da makaranta. Nan ma?"

"Ranka shi daɗe, wankan gida uwata tat tai! Ni na ɗan hwari. Kwana arba'in kaɗai niy yi can!"

"Kawo ta ta yi shaida."

Uwar Haliru, Inna Atika, tsohuwa ce mai riƙon kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekara hamsin ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wane". Ko a biki aka tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙaninsa take fara lissafi.

Ranar Laraba ya goyo ta a babur tun daga garinsu Danchadi, yana roƙo, ita kuwa tana kallon gonaki.

Kamilu ya ce, "Inna, wanga ɗanki na?"

Ta ja mayafi ta juya wa Haliru baya. "Yaron gidan na."

"Wane gida?"

"Gidan da yake."

Haliru ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi birgima. Ga hukuma ta ce ba ɗan ƙasa ba ne, ga uwa ta ce ba ta san zancen ba! Kamilu ya fara rufe fayil. Fiddausi da ta biyo su a mota tana tsaye bakin ƙofa, hawaye suka zubo mata.

Tsohuwa ta dubi jikarta. Sai ta buga sanda a ƙasa.

"Kai yaro, buɗe abin ga! Kwana biyu ina naƙudatai ɗakin uwata. Ubanai Lambara anka haihe shi, Danchadi anka rufe shi. Haliru na. Ɗana na. Ni na haihe shi, ko akwai wadda tat taya ni?"

Kamilu ya laluɓo hatimi ya buga.

A waje Haliru ya kasa tada babur.

"Inna," ya ce a hankali, "sake hwaɗi."

Ta gyara zama a bayansa, ta kau da kai.

"Kai wane, mu tai. Rana na yi."